Garissa: makokin Kirista da bashin da ke kan hukuma

Ranar Alhamis 2 ga watan Afrilu 2015, da jijjifi, mutum huɗu ɗauke da bindigogi suka faɗa ma jami'ar Garissa, a arewa maso gabashin Kenya. Suka harbe masu gadin ƙofa, suka buɗe wuta kan ɗalibai Kirista da suka taru cikin wani aji domin addu'ar safe, sannan suka shiga ɗakunan kwana suna tambayar kowa addininsa. Musulmi da dama aka sake su, Kirista kuwa aka kashe. Kafin a murƙushe maharan da almuru, mutum 148 sun rasa rayukansu, 142 daga cikinsu ƴan makaranta ne. Ƙungiyar Al-Shabab ta Somaliya ta ce ita ta aiko su.

Wannan masifa ta faɗo cikin makon da ya fi kowane girma ga Kirista. Washegari ita ce Jumma'ar da suke tunawa da gicciye Yesu Almasihu, bisa ga imaninsu, Lahadi kuma sallar Paska. Iyayen da suka shirya tarbar ƴaƴansu hutu sai ga su a layi bakin ɗakin ajiye gawa na Chiromo, cikin birnin Nairobi. Waɗansu gawarwakin sai da zanen yatsa aka shaida su, saboda harsashi ya ɓata fuska. Galibin yaran nan daga nesa suka zo neman ilimi, kuma da yawansu gida gaba ɗaya ne ya ɗora buri a kansu.

Shugaban ƙasa Uhuru Kenyatta ya sa a yi zaman makoki na kwana 3. Aka yi sallar Paska da masu tsaro a bakin majami'u. Fafaroma Francis, cikin jawabinsa na wannan Lahadi, ya ambaci matasan Garissa, ya roƙi a yi masu addu'a. Ranar 7 ga wata jama'a suka taru a dandalin Uhuru da kyandira da ƙananan gicciye, suna neman a kira kowane mamaci da sunansa, kada a maida su lissafi kawai.

Abin lura shi ne inda shugabannin addini suka karkata wannan baƙin ciki. Al-Shabab ta ware Kirista ne da gangan, don a huce kan Somaliyawan Kenya, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, ita kuma ta samu sababbin mayaƙa cikin waɗanda aka zalunta. Limaman majami'u sun gane tarkon, suka yi ta kira da a yi haƙuri, kada a ɗauki fansa kan maƙwabci. Malaman Musulunci sun la'anci kisan, kuma mazauna Eastleigh, unguwar Somaliyawa a Nairobi, sun fito zanga-zangar nuna ƙyamarsa. A watan Disamba na wannan shekara, da ƴan bindiga suka tare wata motar fasinja kusa da Mandera suka ce a rarrabu, Musulmin da ke ciki suka ƙi. Wani malamin makaranta, Salah Farah, harbin da aka yi masa ran nan ne ya zama ajalinsa bayan ƴan makonni. Mutanen ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga irin wannan ta'asa: a Afrilun 2012 an buɗe wuta kan Kirista masu ibada cikin jami'ar Bayero ta Kano.

Amma yafewar da aka yi wa'azinta a majami'a ba ta wanke magabata ba. Kenya ta tura soja Somaliya tun Oktoban 2011, kuma an riga an kashe mutum 67 a kasuwar Westgate cikin 2013. Wato an san akwai maƙiyi, an san kuma Garissa na kusa da iyaka. An yi gargaɗi cewa ana iya kai ma wata jami'a hari. Duk da haka ƴan sandan musamman da aka ɗauko daga Nairobi ba su shiga aiki ba sai da yamma, alhali ƴan jarida ma sun riga su isowa. Cikin waɗannan sa'o'i yara na ɓoye ƙarƙashin gadaje da cikin kabad, suna kiran iyayensu ta tarho suna ban kwana.

Shari'a ta zo, amma da tafiyar hawainiya. A 2019 kotu ta samu mutum 3 da laifin taimakon maharan. Ɗaya aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Sai a 2024, shekara 9 bayan jana'iza, babbar kotu ta tabbatar cewa hukuma ta yi sakaci, ta umurci a biya kowane iyalin mamaci shilin miliyan 3. Jami'ar dai an sake buɗe ta tun Janairun 2016, da ofishin ƴan sanda a cikin harabarta. Yawancin ɗaliban da suka tsira an riga an maida su Eldoret, can suka ci gaba da karatunsu.