Kasuwa A Kai Miki Dole: In Mai Mota Ya Dawo Da Fushi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu sayar da rediyon mota, ko a Alaba ta Legas, ko a Fanteka ta Kaduna, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya san akwai birki iri biyu da akan taka a bakin rumfa. Akwai na mai zuwa saye, wanda yakan tsaya a hankali, ya fito yana gyara hula yana duban kaya. Akwai kuma na wanda aka yi wa aiki shekaranjiya, shi wannan tun bai kashe mota ba ya buɗe ƙofa, sallamarsa ma a taƙaice take. Yaran rumfa da sun ji irin wannan birki sai kowa ya sami abin yi a bayan kanti, a bar maigida shi kaɗai. To, a kan wannan baƙo na biyu filin zai tsaya a wannan mako, domin abin da aka yi da shi a minti goma na farko shi ke nuna ko rumfa za ta daɗe, ko kuwa kwananta ya kusa ƙarewa.

A ɗauki misalin direban tasi mazaunin Agege, wanda motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita kowace yamma. Ya tara 'yan kuɗinsa, ran Asabar ya je aka sa masa sabon rediyo mai karɓar filashi, da sifika biyu a baya, da 'yar amfilifaya a ƙarƙashin kujera, don fasinja su ji daɗin tafiya. Lahadi bai fita ba. Litinin da asuba ya murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Kafin ya tara matasan unguwa su tura masa ita, lodin safe ya wuce shi. Saboda haka mutumin da ya taka birki a bakin rumfa da hantsi, ba rediyo kaɗai ke cin ransa ba. Ya yi asarar rabin yini, ya sha kunya a gaban maƙwabta, ga mai mota na jiran kuɗinsa da magariba.

Amsar da yawancin masu rumfa kan fara bayarwa an san ta: "Ai batirinka ne ya mutu, lafiya lau ka bar nan." Watakila ma gaskiya ne batirin ya tsufa. Amma mai faɗin haka bai buɗe bonet ba, bai ɗauko mita ba, ya yanke hukunci ke nan tun kafin a saurari ƙara. Direba kuwa abin da ya ji shi ne an ce masa maƙaryaci, ko kuma wawa wanda bai san motar da yake kwana da tashi a cikinta ba. Daga nan sai murya ta ɗaga, maƙwabta su taru, masu niyyar saye su sulale zuwa rumfar gaba. Baki shi ke yanka wuya.

Ƙwararren maigida ba haka yake yi ba. Shi yakan tashi ya tare shi tun daga bakin rumfa, ya ce, "Sannu da zuwa, direba. Bismillah, ga benci. Yaya aka yi?" Sa'an nan ya kame bakinsa. Mai fushi yana da labari a cikinsa, in bai amayar da shi duka ba babu bayanin da zai shiga kunnensa, don haka a bar shi ya kai aya, har da abin da bai shafi rediyo ba. Bayan nan tambayoyi kaɗan sun isa: yaushe aka kashe motar, ko an bar fitila a kunne, ko wani ya taɓa wayoyin bayan an bar rumfa. Sai kuma a je ga motar tare, a yi awo a gaban idonsa. Wannan na ƙarshe shi ne jigon al'amarin, domin mutumin da aka shige da motarsa lungu aka dawo aka ce masa an gyara, zai tafi ne da zarginsa a zuciya.

Shi awon ba wani abu ne mai wuya ba. In inji na aiki, ya kamata mita ta nuna kusan bolt 14 a kan batir, alamar altaneta na caji. In an kashe mota aka zare makulli kuma aka ga har yanzu ana zuƙar wuta mai yawa, to akwai ɓarawo a cikin gida. A bayan kowane rediyon kasuwa akwai wayoyi da launinsu ke faɗin aikinsu. Rawaya ita ke zuwa ga wutar batir wadda ba ta yankewa, don rediyo ya riƙe agogo da tashoshin da aka adana. Ja tana bin makulli, in an kashe mota ta mutu. Baƙa ta jikin ƙarfen mota ce. Shuɗiya mai ratsin fari ita ke tada amfilifaya ta kuma kwantar da ita. Yaron da ke sauri da yammacin Asabar, in bai sami wayar makulli da wuri ba, sai ya murɗe ja da rawaya wuri guda ya ɗora su kan wutar batir, ya naɗe da salatif. Rediyo zai yi waƙa, kowa ya yi murna, amma kayan ba za su ƙara yin barci ba. In suna zuƙar amfiya 1 ko 2, daga daren Asabar zuwa asubahin Litinin kusan awa 36 ke nan, lissafi ya kama amfiya-awa 36 zuwa 72, alhali batirin ƙaramar mota sau da yawa bai wuce 60 ba ko da sabo ne. Ashe direba na da gaskiya.

Da zarar an ga haka, abin da ya rage shi ne maigida ya faɗa da bakinsa: "Laifin daga wurinmu ne, ka yi haƙuri." A nan ne wasu kan yi wani abin kunya, su finciko yaron da ya yi aikin su dalla masa mari a gaban jama'a, wai don baƙo ya huce. Baƙo ba mari ya zo saye ba. Kuma shi ya san wanda ya karɓi kuɗinsa, ya san wanda ya kamata ya duba aikin kafin mota ta tashi. Horon yaro yana da lokacinsa bayan an rufe rumfa, mafi amfaninsa kuwa shi ne a sa shi ya warware aikin ya sake shi daidai, maigida na tsaye a kansa.

Gyara kyauta ne, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Cajin batir ma a kan rumfa yake. Inda hankali ke rabuwa shi ne batun asarar yini. Wasu za su ce ba a taɓa yi ba, mai rumfa ya biya wa direba balas. Amma batirin mota in ya zube ƙasa warwas ba ya komawa yadda yake, wani abu na ƙarfinsa ya tafi ke nan, kuma wannan ɓarna daga rumfa ta fito. Mai hangen nesa yakan mayar da kuɗin aikin da ya karɓa ran Asabar, ya ce a rage zafi. Kuɗi ne ƙalilan in an gwada su da abin da direban tasi guda zai iya yi wa sunan rumfa a tasha, inda ake zaman jiran layi babu abin yi sai labari.

Da yawa daga cikin ƙorafin wannan sana'a tun ranar ciniki ake shuka su. Kwali ya ce wat 50 sau huɗu, mai rumfa ya maimaita, alhali wannan adadi na ƙololuwar ɗan lokaci ne, ƙarfin da rediyon ke iya riƙewa a kai a kai yana wajen wat 20 ne ga kowace sifika. Mai saye ya tafi da tsammanin gidan biki, ya dawo yana cewa an cuce shi. Haka kuma rediyon hannu da aka ƙera don kasuwar Japan: tsofaffinsu daga megahaz 76 zuwa 90 suke kamawa, tashoshin ƙasar nan kuwa suna tsakanin 87.5 da 108. Mutumin Kano da ya sayi irinsa don ya ji Freedom Radio a kan 99.5, ko ya kwana yana murɗawa ba zai same ta ba, sai an ƙara masa wata 'yar na'ura mai sauya zango. Jimla guda a lokacin ciniki da ta kashe wannan rigima. Kazalika wasu motocin, irin su Honda na shekarun baya, in an cire kan batir rediyonsu na asali yakan kulle sai an sa lambar sirri. Wanda ya cire batir bai tambayi mai mota ko yana da lambar ba, ya jawo wa kansa ruwa.

Akwai kukan nan kuma mai kama da busar sarewa, wanda ke tashi in an taka totur ya sauka in an saki. Mai mota yakan ce rediyon jabu ne. Galibi kuwa baƙar waya ce aka ɗaure a kan fenti ko tsatsa, ko kuma an jera wayar sauti kafaɗa da kafaɗa da babbar wayar wuta. A kankare wurin har ƙarfe ya fito, a raba hanyar wayoyin, kuka ya ɗauke. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ba ya da sauƙi shi ne na fis. Babbar wayar da ke ɗaukar wuta daga batir zuwa amfilifaya dole ne a sa mata fis kusa da batirin, tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba. Wanda ya tsallake shi don tsimi, ko ya maye gurbinsa da zaren waya, ranar da fatar wayar ta goge a jikin ƙarfe ba mai ƙorafi zai gani ba, gawayin mota za a nuna masa.

Sana'ar ma ta sauya. Zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, da zamanin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wayoyin bayan dashbod ana iya ƙirga su da yatsu. Motar yau cike take da kwamfuta, rediyo na magana da maɓallan sitiyari da kyamarar baya. Wani abin lura ma shi ne, masu ƙera motoci sukan yi wa wayoyin jakar iska ta kariya alama da launin rawaya. Yaron da aka koya wa cewa rawaya wutar batir ce, aka tsaya nan, yana iya kai almakashi inda bai kamata ba.

To, ba kullum ne mai mota ke da gaskiya ba, kuma wanda ya ce a ba kowa abin da ya nema bai taɓa biyan hayar rumfa ba. Akwai mai ƙure murya har sauti ya dinga karcewa, ya ƙona zaren sifika cikin mako guda. Akwai wanda aka feshe masa dashbod da ruwa a wurin wankin mota. Akwai wanda ya biya ta wurin wani ɗan rewaya ya yi masa ƙari, sa'an nan ya dawo da laifin. Irin waɗannan ma hanyar ɗaya ce: a kwance sifikar a miƙa masa ya sansana ƙaurin da hancinsa, a nuna masa salatif ɗin da ba irin na rumfa ba ne. In ya gani, sai a buɗe masa ƙofar fita da mutuncinsa, a ce, "Alhaji, kayan ka saya, aikin mun yafe." Da wuya a ga wanda ya ƙi wannan.

Su kuma masu buga wa rasit ɗinsu cewa kaya in ya fita ba ya dawowa, ya kamata su san rubutun nan bai fi ƙarfin doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. A ƙarƙashinta mai saye na iya mayar da kaya mai aibi cikin wata 3, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma aikin hannu da bai kai yadda ya kamata ba shi ma sai a gyara ko a rage kuɗin. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun zaure, domin Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi bayanin mayar da kaya saboda aibi, ta kuma ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka damƙa musu.

Shi dai direban Agege, kafin a sallame shi akwai sauran aiki guda. A kashe mota, a zare makulli, a nuna masa rediyo ya mutu, fitilar amfilifaya ta ɗauke, mita ta sauka. A rubuta masa a bayan rasit abin da aka yi da kwanan wata, maigida ya sa hannu, a kuma rubuta irinsa a littafin rumfa tare da lambar motar. Sa'an nan maigida ya karɓi lambar wayarsa, ya ce gobe Talata bayan sallar asuba zai kira ya ji ko ta tashi da murɗa ɗaya. In gari ya waye kuma, ya kira ɗin.