Fina-finan Yanzu: A Kalla, Amma A Zaɓa

Jama'a, daga majalisun Limawa har Tunga ana yawan tambaya: fina-finan Hausa da ake fitarwa yanzu sun cancanci kallo kuwa? Mu dai amsarmu eh, amma sai an zaɓa.

Mai Martaba, fim ɗin rikicin sarauta, shi Najeriya ta zaɓa a 2024 don gasar Oscar, abin alfahari ga harshenmu. Kwana Casa'in na Arewa24 ya tona yadda 'yan siyasa ke wasa da talaka. Gidan Badamasi kuwa dariya ce mai ɗauke da darasi kan kwaɗayin dukiyar uba.

Ƙorafinmu yana kan wasu masu dogon zango na YouTube, inda ake jan labarin awa biyu har shekara guda. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin data a Janairun 2025, kallon banza cin kuɗin cefane ne.

Iyaye, mu riƙa duba fim kafin mu bar wa yara waya. Wanda ya maimaita abu ɗaya sati uku, mu bar shi. Idan 'yan kallo suka ragu, masu shiryawa za su gyara.