Shagon Da Ke Tsayawa Cik Idan Mai Shi Ya Yi Tafiya

Sanin kowa ne cewa a kasuwar Kwararafa da ke tsakiyar birnin Jos akwai amsar da mai saye ya fi ji daga bakin yaran shago, wato a jira Alhaji ya dawo. Idan ragi ake nema, a jira Alhaji. Idan dillali ya kawo kaya da rahusa, a jira Alhaji. Hatta wanda ya zo biyan bashi akan ce masa ya dawo gobe, domin babu wanda ya san nawa ake bin sa.

Mai shago yakan ɗauki wannan a matsayin tsare dukiya, alhali asara ce. Farashin sari, sunayen masu ba da kaya a Kano ko Legas, da jerin waɗanda suka karɓi kaya bashi, duk suna cikin kan mutum ɗaya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ko ya tafi aikin Hajji na wata guda, haya da abincin yara suna ci gaba da cin jari, ciniki kuwa ya tsaya.

'Yan kasuwar Jos sun fi kowa sanin cewa ba kullum mutum ke isa shagonsa ba. Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002 ta watsa 'yan kasuwa a kan tituna da sauran kasuwannin gari. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun zo da dokar hana fita, sannan aka yi kullen annobar korona a 2020. A irin wannan hali, wanda ke da littafin bashi a ajiye a gida yana da abin da zai farfaɗo da shi. Wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa kuwa sai abin da masu tsoron Allah suka kawo da kansu.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tona wani asirin. Da ciniki ya koma tura kuɗi ta waya, sai ya bayyana cewa asusun shaguna da dama na mai shagon ne na kansa, kuma saƙon banki wayarsa yake shiga. Yaro ba zai saki kaya ba sai ya kira Alhaji, wanda wataƙila yana masallaci. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara kuma daga wannan asusu suke fita, ta yadda a ƙarshen shekara babu mai iya cewa riba aka ci ko uwar kuɗi aka taɓa.

Hujjar da masu shaguna ke kafawa ita ce amana ta yi ƙaranci, kuma da yawa sun ga yaron da aka sakar wa shago ya durƙusar da shi. Wannan gaskiya ne. Amma a shagon da ba a rubutu, ba a ƙirga kaya, ba a iya kama ɓarawo, ba a kuma iya wanke mai gaskiya. Abin mamaki shi ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma har yanzu wasu na ganin rubutawa tamkar zargin abokin hulɗa ne.

Gyaran ba ya bukatar kwamfuta. Littafi ɗaya na kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, wani na bashi mai ɗauke da suna da rana da adadi, tare da kwafinsa a gida. A rubuta wa yaro farashin kowane kaya da iyakar ragin da zai iya yi ba tare da ya tambaya ba. A buɗe asusu da sunan shago, mai shi ya yanka wa kansa albashi. A ƙirga kaya kowace Asabar, kuma wanda ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke ƙirgar. Wajibi ne kuma yaro ya san ladansa da lokacin sallamarsa, domin wanda bai san makomarsa ba shi ya fi saurin sallamar kansa daga aljihun tebur.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Kamfanin NASCO, wanda Ahmed Idris Nasreddin ya kafa a Jos a 1963 da masana'antar buhuna, bai rufe ba da ya rasu a 2021, domin tun kafin nan gudanarwa ta koma hannun ɗansa da manajoji. A Kwararafa kuwa, sau da yawa rabon gado shi ne ƙarshen shago: a ƙiyasta kaya, a karyar da su, kowa ya kama gabansa, bashin da ba a rubuta ba ya bi mamaci. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai. Idan aka yi haka, hannun jari magada za su raba gwargwadon yadda shari'a ta tsara, shago kuma ya buɗe washegarin sadakar uku.