Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Sau da yawa idan aka ga mai ƙiba sai a ce kwaɗayi ne da lalaci suka kai shi. Wannan hukunci bai yi adalci ba, kuma tiyatar rage ƙiba ita ce babbar shaida.

A da likitoci sun ɗauka cewa amfanin wannan aiki shi ne rage girman tumbi, don mutum ya kasa cin abinci da yawa. Daga baya aka gano cewa tumbi da hanji suna fitar da sinadarai da ake kira homon, waɗanda ke bin jini su isar da saƙo ga ƙwaƙwalwa. A shekarar 1999 masana a Japan suka gano girelin, homon da tumbi ke fitarwa don tayar da yunwa. A 2002 David Cummings da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa girelin yana ƙaruwa a jinin wanda ya rame ta hanyar ƙayyade abinci. Wato jiki da kansa ke yaƙar mai ƙoƙarin ramewa.

Tiyata kuwa tana sauya wannan lissafi. A irin aikin da ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, girelin yakan ragu ƙwarai. A wanda ake karkatar da abinci ya faɗa hanji kai tsaye, homon GLP-1 yana ƙaruwa bayan cin abinci, ya kawo ƙoshi da wuri, ya kuma taimaka wajen fitar da insulin. Wannan na cikin dalilan da ciwon sukarin wasu ke lafawa cikin kwanaki, tun kafin su rame. Mata da yawa al'adarsu takan daidaita, kuma likitoci kan ba su shawarar jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18.

Kada dai a ɗauka aikin sauƙi ne. Yana da haɗari, kuma wanda aka yi wa zai riƙa shan ƙarin bitamin B12 da sinadarin ƙarfe muddin ransa.

Saboda haka muna kira ga malamai, idan suka zo darasin narkewar abinci, su koyar da cewa tumbi ba buhu ba ne, yana da hannu a yunwa da ƙoshi. Ɗalibin da ya fahimci haka zai daina yi wa ɗan ajinsu mai ƙiba ba'a, domin ya san lalura ce mai neman magani.