"BA ZA MU ƁATA BA": MAGANAR DA AKE CIN GUMIN MAI TSAGA KATAKO DA ITA

Jama'a, akwai wata magana a bakin Bahaushe mai daɗi a kunne, mai ɗaci a aljihun talaka. Maganar ita ce, "Je ka yi aikinka, ai ba za mu ɓata ba." Mu ɗaliban Hausa an koya mana mu yabi irin waɗannan kalmomi, mu ce alamar kunya ce da kara da zumunci. Ni kuwa na ce in ta fito daga bakin mai kuɗi zuwa ga ɗan ƙwadago, to tarko ce. A ƙasar Kura da Bunkure kuwa ba wanda ya fi faɗawa cikin wannan tarko kamar mai tsaga katako da injin zarto, shi da yaran da ke ɗaukar masa kaya. A kansu nake so mu yi magana, kuma ba da lallashi zan yi ta ba.

Kafin mu shiga ciniki, ya kamata mu san yadda itace ya zama abin nema a wannan yanki. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, daga 1971 zuwa 1974, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da kewayenta domin noman rani. Da za a baje ƙasa a yanka ta fuloti-fuloti, sai da aka tumɓuke itatuwan gona, su ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya, waɗanda kakanni suka bari suna ciyar da gidaje. Tun 1976 aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da alkama da tumatir sun kawo kuɗi, wannan ba mai musu. Kuɗin nan kuwa ya kawo gine-gine, da rumfunan kasuwa, da shagunan casar shinkafa, kowannensu yana bukatar katako. Ga masu turara shinkafa suna neman itacen wuta. Watau bukata ta ƙaru a daidai wurin da itace ya ragu. Abin da ya saura yana kan tudu da bakin gari da cikin gidaje: darbejiya, da turare, da tsohon mangwaro, da giginya ta azara. Katako mai daraja daga kudu ake kawo shi zuwa 'Yan Katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo, mai ƙaramin ƙarfi kuwa sai ya nemi wanda zai tsaga masa na gida.

To, yaya aikin yake? Mai tsaga zai duba inda itace zai faɗi, kada ya rushe katangar mutane ko ya danne shuka. Ya kayar, ya sare rassa, ya yanka gungume ƙafa 12. Ya ja zare da baƙin mai ya fitar da layi, sa'an nan ya sunkuya da inji mai nauyi yana bin layin nan da ido da hannu kawai, har falanki ya fita miƙaƙƙe. Tu-bai-tu, tu-bai-fo, wan-bai-tuwel, duk da ƙiyasin ido. Wuni guda ƙara tana cikin kunnensa, garin katako yana cikin hancinsa, hannunsa yana karkarwa ko bayan ya kashe injin. Tsakanin yanka da yanka ya zauna da magagari yana wasa haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya. In sarƙar ta tsinke, ko bakin injin ya yi tutsu ya dawo baya, ƙafa ce ko fuska. Wanda ke kiran wannan aikin ƙarfi kawai, a ba shi injin ya fitar mana da falanki ɗaya.

Yanzu mu zo kan biya. Yawanci ba a biyan mai tsaga da wuni, da ƙidayar falanki ake biyansa. Wannan a kansa ba laifi ba ne, ai jinga tsohuwar al'ada ce, manomin Karfi ko na Barkum ya san ta. Amma manomi in zai ba da jingar noma, da shi da ɗan ƙwadago suke zagaya gonar, su yanke kuɗi, sa'an nan a sa fartanya. Mai tsaga kuwa sau da yawa sai ya gama ake zaman lissafi, kuma wanda ya sa aikin shi ne mai ƙidaya, shi ne mai zaɓe, shi ne mai yanke hukunci. Ga wuƙa ga nama a hannu ɗaya. A ce itace ya ba da falanki 30. Mai kaya ya zo ya ware 8 ya ce wannan ya karkace, wancan yana da ido, wannan ya tsage. Ba za a biya su ba. Amma da aka zo loda mota, har da su aka loda, kafinta kuma zai yi benci da su a sayar. Ashe falanki yana da aibi wajen biyan lada, ba shi da aibi wajen sayarwa?

Ba a nan ta tsaya ba. Itace a tsaye cinikin biri a sama ne. Sai an kayar a ga kogo a ciki, ko gara ta cinye zuciyarsa, ko wata tsohuwar ƙusa da aka kafa masa shekaru ta karya haƙoran sarƙa. Mai kaya ne ya zaɓi itacen, shi ya saye shi, amma in ya fito ruɓaɓɓe mai tsaga ne ke komawa gida hannu wofi, bayan ya ƙona fetur ɗinsa. Maganar fetur kuwa kowa ya sani. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin mai, lita da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Duk mai tsagar da aka haɗa masa kuɗin mai da ladan hannu wuri ɗaya, daga cikin abincin 'ya'yansa ƙarin ya fito. In ya yi magana a ce masa, "Haba malam, da nawa muka saba?"

Kuma a lura, sau da yawa mai riƙe da injin ba shi ne mai shi ba. Wani ne a gari ya sayi Stihl ɗinsa ya ba da haya, shi ne farkon wanda za a cire wa nasa. A cire na mai, a cire na sarƙa, a cire na dillalin da ya haɗa aikin, wanda bai taɓa ko reshe ba. Abin da ya rage shi mai tsaga zai raba da yaransa, masu juya gungume da ɗaukar ɗanyen katako a ka daga gona zuwa bakin hanya. Su waɗannan ko sunan lada ba a ba abin da suke samu, sai a ce "na abinci" ko "na sabulu". Ku duba harshen nan da kyau, ya 'yan'uwana ɗalibai. Dillali yana da la'ada, mai inji yana da haya, mai itace yana da kuɗinsa, duk sunaye na hakki. Wanda ya yi gumi kuwa sai a ce a yi masa ihsani, kamar bara ya zo. Gaskiyar Hausawa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai akwai doka. Akwai, amma ba ta san da shi ba. A watan Yuli 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, sai dai dokar ta ware wanda ake biya da ƙidayar aiki, ta ware wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan, amma wanda ba shi da ubangida a rubuce, wa zai kama in ya rasa yatsa? Dokar da ta san da shi ita ce ta hukunci. A 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta hana aiki da injin sare itace ba tare da izini ba, ta sa tara a kai. Kare itatuwa wajibi ne, ban ja ba. Amma in malamin daji ya zo, wa zai tarar a gindin kututture? Mai kaya yana shagonsa. Ƙasar Gana ta haramta katakon injin zarto tun 1998, duk da haka bincike ya yi ta nuna shi ne mafi yawan katakon kasuwannin cikin gida a can. Abin da haramcin ya haifar shi ne aikin ɓoye da cin hanci a hanya, wanda ke aiki a ɓoye kuwa ba ya iya kai ƙara in an cuce shi.

Na san abin da wasu malamai da ɗalibai za su ce: me ya sa za mu kare mai kashe itatuwa alhali hamada tana matsowa? Amsa ita ce, ƙarancin lada shi ke sa a yi ta sara. Wanda itace ɗaya ba ya ciyar da shi, dole ya kayar da uku. Wanda ake biya da ƙidaya kawai, sauri zai yi, ya bar rabin gungume ya ruɓe. Katakon da aka samu da araha saboda an danne mai tsaga, shi ke sa mai gini ya ɗauki itace ba a bakin kome ba. Za a kuma ce su ma masu tsagar suna ha'inci, suna rage kauri, suna ƙara kuɗin mai. Akwai masu yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma maganin ha'incin ɓangare biyu ɗaya ne, watau a yanke magana a gaban shaida tun kafin a tayar da inji. Wanda ke gudun wannan, shi ke cin ribar duhu. Wannan kuma ba baƙon ra'ayi ba ne daga Turai. Duk almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san ijara ba ta inganta sai an ambaci lada an san aikin. "Ba za mu ɓata ba" ba ta cika wannan sharaɗi ba.

Kada kuma a ce mutanen wannan yanki ba su san neman hakki ba. A 1977 matan karkara da ke tsinkar ɗanyen wake wa wani kamfanin Turawa a gonakin wannan aiki na noman rani sun ajiye aiki suna neman ƙarin lada, har wata mai bincike, Sam Jackson, ta yi rubutu a kansu a 1978. Matan nan ba su da takardar makaranta, ba su da ofishin ƙungiya. Abin da suke da shi shi ne sun san waken ba zai tsinke kansa ba, kuma sun haɗa baki. Gungume ma ba zai tsaga kansa ba.

Don haka ga abin da nake kira a yi, kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Na farko, a yanke kuɗin kowane irin falanki kafin a fara, a gaban shaidu biyu. Na biyu, mai kaya ya kawo fetur da baƙin mai, ko a lissafa su daban da farashin ranar, kada su shiga ladan hannu. Na uku, kuɗin kayarwa daban ne, a biya shi ko itacen ya fito da kogo, domin wanda ya zaɓa shi ya kamata ya ɗauki asara. Na huɗu, a yi ƙidaya a gindin kututture, duk falankin da aka ce bai yi ba a bar wa mai tsaga, in kuwa ya hau mota to a biya shi. Na biyar, yaran ɗauka su san nasu tun da safe, a ba su a hannunsu. Na shida, takardar izinin sara nauyin mai itace ne da mai kaya, haka dashen madadinsa, haka kuɗin magani in an ji rauni. Na ƙarshe, a biya ran da aka gama, ban da "ka zo ran kasuwa". Masu tsaga na Kura da Bunkure da Garun Malam su tsaya a kan magana ɗaya, hakimai da dagatai su zama shaida, kamar yadda suke shaidar cinikin gona.

Mu fa, ina namu? Kujerun da muke zama a kai a ɗakin lacca, da rufin da muke kwana a ƙarƙashinsa, wani ne ya tsaga su. Muna zuwa ƙauye da rikoda mu tara kirarin mafarauta da waƙoƙin niƙa, mu dawo mu ci maki, masu sana'ar kuwa mu bar su yadda muka same su. Ina kira ga wannan ƙungiya tamu ta tsara takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausar da kowa zai gane, da boko da ajami, a buga a raba a wuraren masu katako daga Kura har Bunkure. Malamanmu su duba mana kalmomin, 'yan'uwanmu na sashen shari'a su duba sharuɗɗan. In mun iya rubuta kundi mai shafi ɗari a kan karin magana, shafi ɗaya ba zai gagare mu ba.

Ga mai sa aiki kuwa ina cewa, Alhaji, kara ba ta hana lissafi. In da gaske ba ka so ku ɓata, faɗi kuɗin tun itacen yana tsaye. Allah ya ba mu ikon biyan hakkin wanda ya yi mana aiki, amin.