Ɗan'uwa, Ajiye Harsashinka Tukuna: Ina Gadar da Za Ka Harba?

Ɗan kawuna ya zo hutun Babbar Sallah daga Bronx, ya same mu bayan Isha'i a majalisarmu ta mai shayi a Nima. Ko kofi bai ajiye ba ya zaro waya yana nuna mana hoto. Ga shi nan cikin riga ruwan lemo, ya durƙusa kusa da wata barewa mai ƙaho reshe-reshe, bindiga jingine a gwiwa. Ya ce a jihar Pennsylvania ne, abokin aikinsa ya kai shi, kuma harsashi ɗaya ya sa mata daga nisan taku ɗari biyu, ko shurawa ba ta yi ba. Sunan harsashin .25-06. Daga nan sai baki ya buɗe. Wai maharban Gana har yau a zamanin adaka suke, wai a ba su irin wannan bindiga a ga aiki, wai mu komai namu baya-baya. Jama'a na ta gyaɗa kai. Ni dai na yi shiru, don baƙo ne, kuma bai zo hannu rabbana ba. Yanzu da ya koma, turaren da ya kawo mini ma ya ƙare, zan ba shi amsa.

Bari in fara ba harsashin haƙƙinsa, kada a ce hassada ce. Mahaifina maharbi ne a wajen Salaga kafin ya sauko Ankara, da warin albarushi na tashi, kuma bayan tafiyar ɗan'uwan nawa na zauna na karanta abin da ya sawwaƙa. Abin da Amurkawa ke kira harsashin rubu'in inci dangi ne guda, kaurin ƙwayarsa inci 0.257, wato milimita shida da rabi. A 1915 kamfanin Savage ya fito da .250-3000, wanda ya yi suna domin ƙwayarsa na gudun ƙafa 3,000 a sakan ɗaya, abin da ba a saba gani a kanti ba a lokacin. A 1934 Remington ya kawo .257 Roberts. A 1944 Roy Weatherby ya ƙera .257 Weatherby Magnum. Shi kuma .25-06 na ɗan'uwana, kwanson harsashin soja ne .30-06 aka matse wa wuya, maƙera suka daɗe suna yinsa da hannu kafin Remington ya sa shi kasuwa a 1969. Amfaninsa a fili yake. Ba ya dukan kafaɗa da yawa, don haka mai harbi ba ya rufe ido lokacin jan kunama. Yana tafiya miƙe, ba sai ka yi ta lissafin nisa ba. Idan ya shiga bayan ƙafar gaba ta dabba, ya ratsa huhu da zuciya, ba ta daɗe tana wahala. Wanda ya taɓa bin sawun jinin dabbar da aka raunata wuni guda, ya same ta kwana biyu baya ta ruɓe a sarƙaƙiya, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Su can gardamarsu ita ce ko wannan dangin zai ɗore. A 2007 Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor, wanda bambancin kaurinsa da rubu'in inci bai kai kaurin farce ba, amma ya kwashe kasuwa. Dalilin kuwa murɗin da ke cikin bututun bindiga ne. Tsofaffin bindigogin rubu'in inci suna juya ƙwaya sau ɗaya a kowane inci goma, kuma wannan murɗin ba ya riƙe doguwar ƙwaya mai nauyi, iyakarsa wajen giram takwas. Sabbin kuwa an matse musu murɗi, suna jefa doguwar ƙwaya da iska ba ta cika kautar da ita ba. A 2025 Hornady ɗin ya dawo da 25 Creedmoor, aka ce rubu'in inci ya farfaɗo. Madalla. Allah ya ba su sa'a.

To amma ɗan'uwa, ka lura da abu guda? Mutanen da ke wannan gardama suna da barewa kusan miliyan talatin. Mai abinci ne ke gardamar cokali.

Kuma ba haka suka tarar da ita ba. A wajen 1900 barewar nan mai farin bindi ta kusa ƙarewa a Amurka, ana ƙiyasin da ƙyar ta kai rabin miliyan. Me ya cinye ta? Kasuwa. Maharba na kashewa suna lodawa a jirgin ƙasa zuwa birane, daidai yadda ake lodo mana namu daga daji zuwa Atwemonom a Kumasi da Kantamanto a nan Ankara. Abin da ya dawo da ita ba sabon harsashi ba ne, domin a 1900 ɗin ma bindigoginsu sun fi adakar babana. Dokar Lacey ce ta 1900 ta hana tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka haramta sayar da naman farauta. A 1937 suka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ce harajin bindiga da harsashi, kashi 11 cikin 100 a yau, ba za a taɓa shi ba sai don kiwon namun daji da dazukansu. Kowane harsashi da ɗan'uwana ya saya ya biya wa barewa kuɗin makiyaya. Rigar ruwan lemon da ya yi mana ado da ita doka ce ta sa shi sawa. Lasisi ya saya. Kwanakin da aka ba shi ƙidayayyu ne. Namiji ɗaya aka yarda masa a shekara, ya ɗaura masa takarda, ya kai rahoto. Da ya haska ta da fitila da dare ya harba, da ba hoto zai nuna mana ba, takardar kotu ce. Duk wannan bai faɗa a majalisa ba. Harsashin kawai ya ɗauko, ya bar gidan da harsashin ya fito.

Yanzu mu dawo gida. Shekara goma sha tara ina da tebur a gefen Makola, ina sayar da tocila da batir da kwaɗo da makamantansu. Ina ganin abin da ke wucewa a kan kawunan kayayei. Ina ganin matan da ke jera bandar naman daji, baƙi ƙirin, an lanƙwashe shi a kan tsinke, sai wanda ya sani ne zai bambance gada da gyazbi, wanda mutanen nan ke kira akrantie. Lokacin da na fara, mazo ba abin kallo ba ne. Yau in aka kawo shi mutane tsayawa suke yi. Abin da ya fi yawa ɓeraye ne manya da ƙanana, gyazbi da gafiya, domin su ne masu haihuwa da sauri har su riga harsashi. Ba idona kaɗai ya gani ba. Wani bincike da Justin Brashares da abokansa suka buga a mujallar Science a 2004 ya duba bayanan gandun daji shida na Gana daga 1970 zuwa 1998, ya samu yawan namun daji iri 41, in aka auna da nauyi, ya ragu da kashi 76 cikin 100. A cikin gandun da ake gadi ke nan fa. Binciken ya kuma nuna shekarar da kifi ya yi ƙaranci a teku, farauta takan ƙaru a tudu. Ka ga ashe tukunyar Nima da jirgin kamun kifi na Tema da gadar Mole igiya ɗaya ta ɗaure su.

Je ka Winneba ranar Asabar ta farko a watan Mayu ka ga bikin Aboakyer. Al'adar Efutu ce, ba addinina ba ne, amma na je na gani. Ƙungiyoyi biyu, Tuafo da Dentsefo, suna shiga daji su kamo mazo da rai da hannu, ba bindiga ba baka. Gari guda, samari ɗaruruwa, neman dabba ɗaya tak a shekara, kuma dattawansu na kukan samunta ya zama wahala. A ƙasar da ake wannan kuka kake cewa a kawo bindigar da ke kashewa daga taku ɗari uku?

Ko a maganar sana'a ma shawarar ba ta zauna ba. Gadar kurmi da ƙyar take kai kilo goma, kuma a cikin duhuwa ake haɗuwa da ita, taku goma sha biyar ko ashirin. Sa mata .25-06 a wannan tazara, rabin naman ya zama ƙasa. Sa'an nan ƙwayar raifil in ta kuskure takan yi tafiyar fiye da kilomita uku, alhali ƙwayoyin bindiga mai baki ɗaya 'yan ɗaruruwan mitoci suke yi su zube. Dajinmu ba fayau yake ba. Bayan kowace sarƙaƙiya akwai gonar koko, ko mace mai itace, ko ɗan Fulani da shanu. Ba na son in buɗe maganar Bawku a nan, kowa ya san abin da doguwar bindiga ta yi wa garin.

Kada maharbanmu su ɗauka na wanke su. Ban wanke su ba. Inda ɗan'uwana ya yi gaskiya shi ne harbin watsi mugun harbi ne. Harsashin AA da BB da ake cusa wa bindiga mai baki ɗaya ƙwayoyin dalma ne da yawa, suna bazuwa. A harbi uwa a raunata ɗa. Dabba ta gudu da ƙwaya uku a cinya ta je ta mutu inda ungulu kaɗai zai amfana. Wadda aka samu kuma dalmar na cikin namanta. Wa bai taɓa cin karo da ƙwaya a haƙori ba yana cin miyar fufu? Mukan tofar mu yi dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma yara ta fi yi wa illa. Mu Hausawa mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ta kashe yara ɗaruruwa. Can ƙurar haƙar zinariya ce, abin ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma ƙarfen ɗaya ne. Denmark ta hana harbi da ƙwayoyin dalma tun 1996, jihar California ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019. Mu kuwa muna dafa shi da attarugu. Ƙasa da wannan ma akwai masu zuba guba irin Furadan, maganin ƙwarin gona, su tsince gawa su banda ta, hayaƙi ya rufe asiri.

Nan ne nake so malamanmu na Zango su buɗe baki. Malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashin dalma ya kashe, in maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin harbi. To wa ya harbi wannan bandar da Hajiya ta saya a Makola? Ya yi bisimilla? Harbi ne ma, ko tarkon waya ne ya shaƙe ta, ko guba? Mutumin da zai tayar da jijiyar wuya a kan kazar kanti, ya ce bai san wanda ya yanka ba, shi ne zai sayi ƙafar gadar da ta kwana uku a tarko bai yi tambaya ko ɗaya ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ni ma da warina. Dokar kare namun daji ta 1971, L.I. 685, ta hana farauta da hasken fitila, ta hana guba, ta kuma rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da dabbobi ke ɗauke da ciki ko suna shayarwa. Gyazbi kaɗai aka keɓe, shi ma da lasisi. Doka mai kyau, ta fi shekara hamsin a rubuce. Amma tocilar goshi da nake sayarwa dozin-dozin ga masu sari daga ƙauye, na san ba duka masu gadi da makanikai ke saye ba. Gada in haske ya dalle ta tsayawa take cak, idonta na ƙyalli. Wannan ba farauta ba ce, babana ma da ya ga an fara yinta da fitilar kabaid cewa ya yi yanka ne. Na daɗe ina gaya wa kaina ni fitila na sayar, ba bindiga ba. Bara a watan Satumba wata mata da muke gaisawa ta feɗe gada ɗanya a bayan rumfarta, sai ga ɗa a ciki, har ya yi gashi. Ta jefa shi a bokiti ta ci gaba da aikinta. Na tambaye ta, "Maame, ba an rufe farauta ba?" Ta dube ni ta ce, "Alhaji, an rufe makarantar 'ya'yana ne?" Ban sami abin ce mata ba, kuma har yau ba na ganin ita ce ya kamata a fara kamawa.

Abin da nake kira a yi ba shi da wuyar fahimta. Harsashin farauta ba a nan ake ƙera yawancinsa ba, ta tashar jirgin ruwa yake shigowa, da izinin hukuma, a hannun dillalai ƙidayayyu. Wuri ne mai sauƙin tarewa. A ɗora masa haraji a keɓe kuɗin ga Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji, a rubuta a doka cewa ba za a karkatar da shi ba, yadda masu gadin Mole da Shai Hills za su sami takalmi da man babur. A taƙaita sayar da shi daga Agusta zuwa Disamba. A fara shigo da na ƙarfe a rage na dalma. Matan banda kuma a taimaka musu da gyazbin kiwo, tunda akwai masu kiwonsa a keji a ƙasar nan kuma yana karɓuwa. Mu masu saye a Nima da Maamobi, wata huɗu ba tare da naman daji ba bai kai azumi wuya ba. Ga rago, ga akuya, ga tsire a kowace kwana.

Ni dai bana na gaya wa masu sarina cewa daga Agusta ba ni da tocilar goshi sai Disamba. Biyu sun koma teburin maƙwabcina, shi kuma ya yi mini godiya har da dariya.

Ɗan'uwa, ka ce in Allah ya kai mu baɗi za ka zo mini da kwanson .25-06 in ajiye na tarihi. Bar shi. Akwai ɗan littafin dokokin farauta da ake ba ku tare da lasisi, mai ɗauke da ranakun buɗewa da rufewa da adadin da aka yarda wa kowa. Shi nake so, kwafi biyu. Ɗaya zan kai ofishin ɗan majalisarmu na Ayawaso ta Gabas, ɗayan kuma in ajiye a majalisar mai shayi, kusa da inda ka zauna ka nuna mana hoton.