Ɗiyan itacen da ba su sha magani ba

Da bazara kasuwannin Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai suna cika da mangwaro. Ga lemu, ga gwaba, ga gwanda da kankana. Mai saye yakan duba abu biyu: kyau da araha. Amma akwai tambaya ta uku wadda ta fi su nauyi: yaya aka noma waɗannan ɗiyan itace?

Masu garka iri biyu ne. Wani yana fesa maganin ƙwari na kanti, ya zuba takin zamani. Wani kuwa da takin gargajiya yake aiki, ya kori ƙwari da dabara. Kayan wannan na biyu su ne ake ce ma "biyo" da Faransanci. Su ya kamata uwa ta zaɓa ma yaranta. Ga dalilai.

Na farko, lafiyar mai ci. Maganin ƙwari guba ne, don ya kashe aka yi shi. Bisa kowace kwalba ta kirki an rubuta kwanakin da za a jira bayan fesawa kafin a tsinke. Amma manomi da yawa bai iya karanta wannan rubutu ba, wani kuma yana gaugawar kai kaya kasuwa. Sai sauran maganin ya tafi tare da ɗan itacen. Jikin yaro ƙarami ne, bai jure abin da babba ke jurewa. Wankewa tana rage maganin da ke bisa ɓawo, amma ba ta fitar da wanda ya riga ya shiga cikin tsoka.

An taɓa yin kuskure a duniya. Akwai wani magani mai suna DDT. An yabe shi ƙwarai, har wanda ya gano ƙarfinsa ya samu kyautar Nobel a 1948. Daga baya aka gane yana daɗewa cikin ƙasa, yana taruwa cikin kitsen mutum da nonon uwa, yana ɓata ƙwan tsuntsaye. Amurka ta hana fesa shi a gona a 1972. A 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu a birnin Istokolm don a bar shi, sai dai wajen yaƙi da sauro. Ƙasashen Sahel ma sun kafa kwamiti a Bamako mai duba kowane magani kafin a yarda da shi. Duk da haka, ana ganin magunguna marasa izini a kasuwannin ƙauye, wasu cikin kwalba babu ko suna.

Na biyu, nuna ta gaskiya. Wasu ƴan kasuwa suna tsinke mangwaro ko ayaba ɗanye, su rufe shi da karbur, wato dutsen nan mai wari da masu walda ke aiki da shi. Kwana biyu ɓawo ya yi ja, ciki kuwa da sauran tsami. Cikin karbur akwai dattin guba. Kyan irin wannan mangwaro kyan ɗan maciji ne. Wanda ya nuna a uwarsa, ƙanshinsa kawai ya isa shaida.

Na uku, lafiyar mai noma. Sau da yawa manomi yana fesawa ba safar hannu, ba abin rufe hanci, iska tana maido masa da maganin. Ciwon kai, da jiri, da ƙaiƙayin ido su biyo baya. Wani gida ma a wanke kwalbar a zuba ruwan sha ko mai. Duk wanda ya sayi kayan da ba a fesa ba, ya ƙarfafa manomi ya rabu da wannan haɗari.

Na huɗu, lafiyar garka kanta. Magani bai san abokin manomi ba. Yana kashe ƙudan zuma, alhali kankana da guna ba su yin ɗiya sai ƙwari sun kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye kuwa suna sa ƙasa ta riƙe ruwa, abin da ƙasar yashi ke bukata.

Wani zai ce: in ba magani, tsutsa ta cinye amfani. Gaskiya ne ƙudan mangwaro yana ɓarna. Amma akwai dabara. A tsince duk wanda ya faɗi, a binne shi da zurfi, tsutsar ba za ta zama ƙuda ba. A daka ɗiyan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da marece, ƙwari da yawa su bar cin ganye. Aikin ya fi yawa, shi ya sa kayan kan ɗara tsada, wani kuma da tabo. Tabo wuƙa ke cire shi. Kuɗin likita kuwa sun fi wannan ƙari.

A yawancin kasuwanni babu takardar da ke nuna yadda aka noma kaya. Don haka mai saye ya san mai garkarsa, ya tambaye shi. Ya sayi abu a lokacinsa. Kada ya raina magarya, da kanya, da aduwa, da goruba, waɗanda ba wanda ke fesa musu kome. Kuma ko wane iri ne, a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a ci, don ƙura da ƙuda ma suna kawo cuta. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Don me ake jira kwanaki bayan fesa magani?
2. Yaya ake gane mangwaron da aka nunar da karbur?
3. Wane aiki ƙudan zuma ke yi cikin garka?
4. Yaya ake haɗa ruwan ɗiyan dogon yaro?